Komawa Zangon Baya: Yadda Ake Mayar da Kwamfuta Ranar da Take Lafiya

  Ina gai da malaman yaƙi da jahilci da ɗalibansu, maza da mata, waɗanda suka taru gindin rediyo, musamman na gundumomin Madawa da Buza da Keita inda nake zagayen aiki. Wanda ke da littafi da alƙalami kusa, ya jawo su, domin akwai waɗansu kalmomin Faransanci da nake so ku rubuta yau. Ba su da yawa.

Zancenmu na yau a kan kwamfuta ne, wadda mu nan Nijar muka fi sani da ordinatar. Na san wani zai ce, ina ruwan mai koyon baƙi da wasali da ordinatar? To, da ruwansa. Takardar haihuwar ɗanka da ake buga maka a ofishin magajin gari, da sunayen ɗaliban ajinmu, da lissafin bankin hatsi, duka yanzu cikin na'urar nan suke kwana. Kuma sau da yawa wanda ake damƙa wa riƙonta a ƙauye, shi ne wanda ya fito ajinmu ya iya karatu da lissafi. Saboda haka maganar tamu ce.

Bari in ba ku labarin abin da ya sa na zaɓi wannan magana. A ranin bara na sauka wani ƙauye cikin ƙasar Babban Katami don in duba aji. Ban ko kwance jakata daga moto ba sai ga shugabar ƙungiyar matan garin, wata dattijuwa, tare da magatakardarsu, wadda ta yi shekara biyu a ajinmu. Tana rungume da ƴar kwamfutar ƙungiya cikin zane kamar jariri. Bayan gaisuwa dattijuwar ta ce, "Malam, ɗana, taimake mu. Abin nan ya mutu da hatsinmu a cikinsa."

Ƙungiyar tana da bankin hatsi. Su sayi gero da kaka lokacin da yake da araha, su ajiye, su ranta wa matan gari in damina ta kama, rumbuna sun yi ƙasa. Wace ta karɓi tiya nawa, wace ta biya, wace ake bi, duka suna cikin na'urar. Sai ƙanen magatakardar ya ɗauke ta ranar kasuwa, ya kai wurin masu cajin waya, aka zuba masa wata manhaja ta kallon fim. Tun daga ranar, in an kunna ta, sai ta nuna shuɗin allo da rubutu, ta mutu, ta sake tashi, ta sake mutuwa. Sun kai ta wurin wani mai gyara a birni. Bai ko duba ba ya ce sai an yi mata formate, watau a share komi a fara daga farko. Magatakardar ta ce mini, "Mushe, ni dai da na ji kalmar sharewa, sai na naɗe abina na fito." Na ce mata, "Kin yi daidai."

Kafin in gaya muku abin da muka yi, tilas ku fahimci abu ɗaya. Abin da ke cikin kwamfuta kashi biyu ne. Akwai kayanka: wasiƙu, lissafi, hotuna, sunayen ɗalibai. Akwai kuma babbar manhaja mai tafiyar da na'urar, wadda masu gyara ke ce wa sistem. A yawancin kwamfutocin da ke ofisoshinmu da makarantunmu, sunanta Windows, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ne ke yin ta. Ku ɗauki kayanka kamar geron da ke cikin rumbu. Windows kuwa ita ce rumbun kansa, da murfinsa, da tsanin hawa. In tsani ya karye, ba za ka iya kai wa ga gero ba, amma geron yana nan bai tafi ko'ina ba. Mai hankali tsani yake gyarawa. Mai cewa a yi formate tun da farko, kamar mai cewa a rushe rumbu ne da hatsin a ciki don a gina sabo.

Mene ne ke karya tsanin? Abubuwa uku ne na fi gani. Na farko sabuwar manhaja da aka zuba, musamman wadda aka kwaso daga kilen wani ba a san asalinta ba. Na biyu abin da ake kira pilot. Kowace na'ura da ka jona wa kwamfuta, kamar ta buga takarda, tana da ƴar manhajarta mai yi mata tafinta tsakaninta da Windows. In aka sa tafintan da bai dace ba, sai magana ta rikice, na'ura ta tsaya cik. Na uku, gyare-gyaren da Microsoft ke aikowa ta intanet, in kuran ya ɗauke ana tsakiyar sa su, ko kuma in gyaran kansa ya zo da kuskure.

To, ga maganin. Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu saƙar tabarma a ƙasar Madawa ya san wannan. In mai saƙa ta duba ta ga kaba ta kauce, zane ya karkace, ba ta jefar da tabarmar. Warwarewa take yi sannu a hankali har ta kai layin ƙarshe da yake daidai, sa'an nan ta ci gaba daga nan. Windows ma tana da irin wannan dabara. Lokaci lokaci takan ɗauki hoton halin da take ciki ta ajiye: manyan fayilolinta, da tafintocin nan, da manhajojin da aka sa, da wani babban kundi da ake kira rajista inda take rubuta yadda aka daidaita kowane abu. Kowane hoto yana da ranarsa da sa'arsa. Da Faransanci sunansa « point de restauration ». Ni a aji zango nake ce masa, domin fatake in sun ɓace hanya, zangon da suka kwana jiya suke komawa, ba garin da suka taso ba. Aikin komawar kuwa sunansa « Restauration du système ». Ku rubuta waɗannan biyu.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Ta fara fitowa cikin Windows Me a shekarar 2000, ta shiga Windows XP a 2001, kuma tana nan cikin Windows 7 na 2009, da Windows 10 na 2015, da Windows 11 na 2021. Kamfanin Apple ya sa nasa iri cikin kwamfutocinsa a 2007, sunansa Time Machine. Masu aiki da Linux suna da wani mai suna Timeshift. Amma mu tsaya kan Windows, tunda ita ce a hannunmu.

Windows takan kafa zango da kanta kafin ta sa wani babban gyara, ko kafin a sa sabon tafinta ko waɗansu manhajoji. Amma nan fa akwai tarko, kuma shi ne abin da ya fi ba ni haushi cikin wannan al'amari. A kwamfutoci da yawa masu Windows 10 da Windows 11, wannan tsaro a kashe yake zuwa. Mutum ya yi shekara yana aiki, yana tsammanin akwai zango a baya, ranar da ya nema sai ya tarar babu ko ɗaya. Mutanen Keita sun san cewa gandarin duwatsu da madatsun da aka yi ta ginawa tun da aikin raya ƙasarsu ya fara a 1984, da rani ake jera su, ba ranar da kwari ya kawo ruwa ba. Zangon kwamfuta ma ran da take lafiya ake kafa shi.

Ga yadda ake dubawa. Ka kunna na'ura. A ƙasan allo akwai wurin nema. Ka rubuta « point de restauration ». Za ka ga layi ya fito mai cewa « Créer un point de restauration », ka danna shi. Wata ƴar taga za ta buɗe, a kanta an rubuta « Protection du système ». A tsakiyarta akwai jerin faifan ajiya. Ka nemi wanda ke da harafin C, shi ne mazaunin Windows. In ka ga « Activée » a gabansa, tsaro na kunne. In ka ga « Désactivée », a kashe yake. Sai ka zaɓi faifan C, ka danna « Configurer », ka zaɓi « Activer la protection du système ». A ƙasa akwai wani ɗan ma'auni da ake ja, shi ke nuna yawan filin da ka ba zanguna cikin faifai. Ni nakan ba su kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. In filin ya cika, Windows takan share mafi tsufa ta sa sabo. Saboda haka in ka yi rowar fili, zangunanka ba za su yi nisa baya ba.

Da ka gama wannan, kada ka jira Windows. Ka danna « Créer » nan take. Za ta tambaye ka suna. Ka rubuta abin da za ka gane, ko da Hausa ne: "kafin sa na'urar buga takarda", ko "ranar rufe lissafin kaka". Rana da sa'a ita za ta sa da kanta. Minti ɗaya ko biyu ta gama. Ku mai da wannan al'ada: duk ranar da za a zuba wa na'ura sabon abu, ko za a ba wani aronta, a kafa zango tukuna.

Wani ɗan gargaɗi a nan. Yawancin kwamfutocinmu tsofaffi ne, an yi aiki da su wata ƙasa kafin su iso mana. A cikin kowace akwai wani ƙaramin batir kamar kwabo mai riƙe agogo. In ya mutu, sai na'ura ta riƙa tashi da ranar da ba ita ba. Ka duba kusurwar allo ka tabbata rana da shekara daidai suke, in ba haka ba ranakun zangunanka za su ruɗe ka. Na biyu, in ka kashe tsaron nan, duk zangunan da ke ajiye sun tafi. Kada ka bar yaro ya yi wasa da wurin.

Yanzu mu zo ranar wahala. Na'ura ta fara ciwo, amma tana tashi. Tana nauyi, ko sauti ya ɗauke, ko na'urar buga takarda ta ƙi amsawa tun da aka sa wani abu shekaranjiya. Abu na farko, ka kwafe muhimman takardunka a kile. Komawa zango ba ta taɓa su ba bisa ƙa'ida, amma kwafa ba ta cin kuɗi. Abu na biyu, ka tabbata akwai wuta. Wannan shi ne mafi muhimmanci a ƙasarmu. In ƴar tafi-da-gidanka ce, batir ya cika kuma a bar ta jone. In babba ce ta tebur, kada ka fara sai kana da ondiler ko batirin sola mai ƙarfi. Aikin yakan ɗauki kwata ɗaya na awa, wani lokaci ya wuce awa guda, kuma in ya fara ba a tsayar da shi. In wuta ta ɗauke a tsakiya, kana iya ƙarewa da ciwon da ya fi na farko.

Sa'an nan ka koma tagar nan ta « Protection du système », ka danna « Restauration du système ». Akwai gajeruwar hanya: ka danne maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin R, ka rubuta rstrui, watau r, s, t, r, u, i, ka danna « OK ». Ka danna « Suivant ». Jerin zanguna zai fito da ranakunsu. Nan ne wurin tunani. Ka tambayi kanka, yaushe ne ranar ƙarshe da na'urar nan ta yi aiki lafiya? Ka zaɓi zangon da ya fi kusa da ranar ta baya. Kada ka yi tsalle zuwa mafi tsufa don zaton ya fi tsarki. Mai saƙa ba ta warware rabin tabarma saboda kuskuren layi biyu. In na kusa bai yi ba, ka matsa na bayansa.

Kafin ka ci gaba, akwai wani maɓalli da mutane ke tsallakewa, ni kuwa ina ganin ya fi kowane amfani: « Rechercher les programmes concernés ». In ka danna shi, zai nuna maka manhajojin da za su fita, watau waɗanda aka sa bayan ranar zangon, da waɗanda za su dawo, watau waɗanda aka cire bayan ranar. Ka rubuta sunayensu a littafi, domin mai amfani a cikinsu sai ka sake sa shi daga baya. In ka canza kalmar sirrin buɗe na'ura cikin kwanakin nan, ka tuna tsohuwar ma, don tana iya neman ta. Sa'an nan ka danna « Suivant », ka danna « Terminer », ka amsa da « Oui ». Daga nan ka ɗauke hannunka. Na'ura za ta mutu ta tashi da kanta. Ko ka ga kamar ta tsaya, ka yi haƙuri, ka tafi ka sha shayi. In ta gama za ta rubuta maka cewa aiki ya yi, ko bai yi ba. In bai yi ba, sau da yawa manhajar tsaron ƙwayoyin cuta ce ta tare hanya. A dakatar da ita na ɗan lokaci a sake gwadawa, ko a gwada wani zango. In kuwa ya yi amma ba ka ga sauƙi ba, ana iya warware komawar, domin Windows takan kafa zango kafin ta tashi tafiya.

To, in na'ura ta ƙi tashi sam fa, kamar ta matan nan? Akwai ƙofar baya. A Windows 10 da 11, in na'ura ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere, takan buɗe wani shuɗin allo na gyara da kanta. In ba ta buɗe ba, kana iya tilasta ta: ka kunna, da ka ga tambarin Windows ka danne maɓallin wuta har ta mutu, ka maimaita haka har allon gyara ya fito. In kuwa tana kai wa wurin sa kalmar sirri, ka danne maɓallin « Maj » ka riƙe, ka zaɓi « Redémarrer ». A allon nan ka bi wannan hanya: « Dépannage », sa'an nan « Options avancées », sa'an nan « Restauration du système ». Jerin zanguna zai fito kamar ɗazu. Mai tsohuwar Windows 7 kuwa, ya riƙa danna F8 tun na'ura na tashi, ya zaɓi « Réparer l'ordinateur ». Bambanci ɗaya ne: komawar da aka yi ta ƙofar baya ba a warware ta, sai dai a zaɓi wani zango. Kuma waɗansu sababbin na'urori faifansu a kulle yake da abin da ake kira BitLocker. Irin waɗannan sukan nemi wata lamba mai alƙaluma 48 kafin su buɗe. Duk ofishin da aka ba sabuwar kwamfuta, ya tambayi wanda ya kawo ta wannan lamba, a rubuta ta a takarda a ajiye.

Ta ƙofar bayan nan muka bi ranar, ƙarƙashin wata bedi, bayan mun jona na'urar da batirin sola. Ni ban taɓa maɓalli ba. Magatakardar na sa ta karanta kowane layi da ƙarfi, ta danna da hannunta. Allah ya taimake su, wanda ya ba su na'urar ya bar tsaro a kunne, muka tarar da zanguna uku. Muka zaɓi na kwana huɗu kafin ranar kasuwa. Muka zauna muna kallon allo. Dattijuwar tana ta jan carbi, can ta ce, "Malam, ko dai ta sake mutuwa?" Na ce, "Inna, tafiya take yi, a bar ta ta isa." Kafin la'asar na'ura ta tashi, manhajar fim ta fita, lissafin hatsi ya buɗe.

Amma ba duka aka samu ba, kuma ina so ku ji wannan da kunnen basira. Akwai wata takarda guda, ta sunayen waɗanda suka biya bashi a watan ƙarshe. Yaron ya share ta tare da waɗansu don ya sami filin zuba fim, ya kuma zubar da kwandon shara, watau « Corbeille ». Komawa zango ba ta dawo da ita ba, kuma ba aikinta ba ne. Tsani take gyarawa, ba ta mayar da geron da aka ɗiba. Haka nan wasiƙar da ka rubuta jiya ba za ta ɓace ba don ka koma zangon makon jiya. In ka share takarda bisa kuskure, ka fara duba « Corbeille ». In ba ta nan, ka daina zuba komi a na'urar, ka kai wa gwani, wani lokaci akan tono ta muddin ba a rubuta wani abu a gurbinta ba. Su matan nan fim ya riga ya hau gurbin. Sai da aka tara su washegari, kowace ta faɗi abin da ta biya, aka gwama da ɗan littafin da magatakardar ke rubutu da hannu tun tana aji. An yi gardama kan tiya shida tsakanin mata biyu, har sai da liman ya sa baki.

Akwai kuma waɗansu cututtukan da zango ba ya magani. Zangunan nan cikin faifan na'urar suke zaune, tare da komi. In faifan ya lalace saboda zafi ko ƙura ko faɗuwa, ko aka sace na'urar, sun tafi tare. Ƙwayar cuta ma tana iya shiga cikin zangon kansa, ka koma ka tarar da ita tana jiranka. Akwai wata muguwar iri mai kulle takardun mutum ta nemi kuɗin fansa. Wadda ake kira WannaCry ta bazu a watan Mayu na 2017 cikin ƙasashe kusan 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Irin waɗannan sukan nemi zanguna su share don kada a sami hanyar komawa. Maganin wannan duka shi ne kile ko faifan waje, a kwafe takardu kowane mako, a cire shi, a ajiye wani ɗaki dabam. Manomi ba ya ajiye iri cikin buhun da ake ɗibar na tuwo.

Kada kuma ku zaci ƙauye kaɗai abin ke samu. A watan Oktoba na 2018 Microsoft ta fitar da wani babban gyara na Windows 10, sai aka ga yana share takardun waɗansu mutane, tilas ta janye shi cikin ƴan kwanaki. Ran 19 ga Yuli 2024 kuma, wani kamfanin tsaron kwamfuta mai suna CrowdStrike ya aika gyara mai kuskure, kwamfutoci wajen miliyan 8 da rabi suka nuna shuɗin allo, bisa ƙidayar Microsoft. Jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka rikice. Ma'aikata suka yi ta bin na'urori ɗaya bayan ɗaya ta ƙofar bayan nan da na kwatanta muku, suna cire fayil ɗin da ya jawo abin.

A allon « Options avancées » za ku ga wani layi, « Désinstaller des mises à jour ». Wannan na cire gyaran ƙarshe ne kaɗai, in kun tabbata shi ya kawo ciwo. In kuma an ɗaga na'ura daga Windows 10 zuwa 11 ba ta ji daɗi ba, akwai kwana 10 da za a iya komawa tsohuwar, ta wurin da aka rubuta « Récupération ». Bayan kwana 10 ƙofar ta rufe. Irin wannan babbar ɗagawa takan share tsofaffin zanguna, saboda haka a sake duba tsaro bayanta. Zango kuma ba ya dawwama. A sabuwar Windows 11, tun gyaran watan Yuni na 2025, ba ya wuce kwana 60.

In duk an gwada ba a dace ba, saura « Réinitialiser ce PC ». Wannan yana sake gina Windows ne sabuwa. Zai ba ka zaɓi biyu: « Conserver mes fichiers », watau a bar takardunka amma manhajojin da ka sa su fita, da « Supprimer tout », watau a share komi. Ku dubi kalmar « Supprimer » da kyau, ku rubuta ta da manyan baƙaƙe, ku ja mata layi. Formate kuwa shi ne na ƙarshen ƙarshe. Ban ce masu gyara mugaye ba ne. Akwai gwanaye cikinsu, kuma wani lokaci babu makawa sai an share. Sai dai sharewa ta fi musu sauri. In ka kai na'ura, ka yi tambaya biyu: an gwada komawa zango? An kwafe mini takarduna? Ko Windows ta ƙi tashi, mai gyara yana iya cire faifan ya jona wa wata na'ura ya kwashe kayanka, muddin faifan ba a kulle yake ba. In ya ce ba shi da lokaci, ka naɗe abinka ka fito.

Masu tsofaffin na'urori su sani, Microsoft ta daina aika wa Windows XP gyaran tsaro tun Afrilu 2014, Windows 7 tun Janairu 2020, kuma ta rufe kulawar yau da kullum ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025. Komawa zango tana aiki a cikinsu har yanzu, amma ƙofofinsu sun fi sauƙin shiga ga ɓarayin intanet.

Wani malami daga ƙasar Buza ya tambaye ni ko wayar hannu ma tana da zango. Wayoyin Android da ke aljihunmu ba su da irin wannan. Abin da ke cikinsu shi ne mayar da waya yadda ta fito daga masana'anta, kuma wannan sharewa ce gaba ɗaya, da lambobi da hotuna da saƙonni. In mai gyaran waya ya ce zai yi mata filashin, ka cire katin ajiyarka, ka rubuta lambobin mutanenka tukuna.

Ga aikin wannan mako. Kowane malami ya rubuta kalmomin nan a allo: « Protection du système », « Créer », « Restauration du système », « Supprimer ». Ɗalibai su kwafa, su karanta, su faɗi ma'anar kowace da Hausa. Ajin da ke da kwamfuta kusa, ta makaranta ko ta ƙungiya, a nemi izinin mai riƙonta a je tare, a duba ko faifan C yana kan « Activée », a kafa zango guda da sunan garinku. Abin da kuka tarar, ku rubuto mana ta hannun mai kula da yaƙi da jahilci na gundumarku, za mu karanta wasiƙunku a shiri na gaba. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.